Igiyar Kawu Mai Ƙulli Biyar

Kawu ya rasu a shekarar da aka rufe iyaka, lokacin da manyan motoci suka yi layi tun daga bakin geti har bayan gari, albasa tana ruɓewa a cikinsu, warin yana bin mutum har masallaci. Ranar Talata ce, gero ya nuna ana shirin yanka. Ya yi sallar azahar, ya ce kansa na sara, ya kwanta. Bai ga la'asar ba.

Danginmu na Kwanni, can ƙetaren iyaka, ba su sami jana'iza ba. Sai washegari suka iso ta hanyar gonaki a kan babura, wandunansu duk ƙarangiya. Aka kafa rumfa a ƙofar gida, kowa ya zo da abin da ya tuna. Wani tsoho daga Araba ya ce rediyonsa hannun Kawu kaɗai ta sani, yanzu sai dai ya rataye ta ga ƙusa. Limamin unguwa ya ce lasifikar masallaci ba ta taɓa yin kuka ba muddin Kawu yana gari. Wata tsohuwa kuma, ƙanwar kakarmu, ta tsaya a zaure ta ce da ƙarfi, "Allah shi jiƙan shi. Mutum na mai kunne, amma baki kam Allah bai ba shi ba." Mutane suka ɗan yi dariya, sannan suka tuna inda suke.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Tela ne ni, furfura ta riga ta fito mini kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci. Na zauna kwana bakwai a rumfar nan ina saurare. An faɗi rediyoyi, an faɗi masallatai, an faɗi haƙurinsa. Aikin da ya fi daɗewa yana yi ba wanda ya faɗa, don ba wanda ya san da shi. Ni ma a lokacin ban sani ba. Shi ya sa nake rubuta wannan.

Inna, matarsa, sanƙarau ya taɓa kama ta tun muna samari. Ta tashi, amma kunnenta na dama ya tafi, na hagu kuma saura kaɗan. A gidan ba a faɗin haka. In ka yi mata magana ba ta ji ba, sai ta ce kai ne kake cin maganarka. Abu ɗaya muka san tana ji sarai: faifan tafsiri da Kawu ke sawa a falo kullum bayan la'asar. Ba ta shiga falon, don nan maza ke zama. Tabarmarta tana bakin ƙofar da ta haɗa falo da ɗakinta, bayan labule.

Ranar takwas, an watse, ta aiko aka kira ni. Ta yi magana ta bayan labulen.

"Ka sa mini karatun ga."

Na duba falon. Lasifiku biyar na na'urar faifan, da a da ke rataye a bango, duk suna jibge a lungu, wayoyinsu a cukurkuɗe. Ranar addu'ar uku aka fitar da su. Babban ɗan Kawu, taubashina, wanda ke aiki a Sakkwato, shi ya ce a kai su rumfa don mata su ji addu'a daga cikin gida. Da muryar liman ta ƙi fita yadda yake so, sai ya shiga cikin na'urar ya danna wurin da ke maida komai yadda ya fito daga kamfani. Addu'a ta fita tsaf, kowa ya yaba masa.

Ƙusoshin suna nan a bango, don haka maida lasifikun bai yi wuya ba. Na haɗa wayoyi, na jona batirin sola, na sa faifan. Muryar malamin ta cika falo, tas, daga kowane gefe daidai. Na ji daɗi a raina.

Labule ya motsa.

"An sa?"

"An sa, Inna."

Ta kasa kunne. Sannan ta ce, "Ba ni ji. Awa mutum uku ka magana lokaci guda."

Tunda nake ban taɓa jin kalmar nan daga bakinta ba, "ba ni ji." Ga ta da wata huɗu da kwana goma na takaba a ɗakin nan, mijin babu, muryar da ke shiga kunnenta kuma mu da hannunmu muka ɓata ta.

Kawu mai gyaran rediyo ne, a wata 'yar rumfa kusa da masu sai da buhu. Bai yi boko ba. Lambobi ya sani, sauran duk kunne ne. In ka kawo rediyo ba ya buɗe ta nan take. Sai ya kunna, ya rufe ido, ya ce maka, "Yi shiru, tana faɗi mini." In ka cika surutu ya miƙo maka kayarka ya ce ka dawo ranar da bakinka ya gaji.

Na'urar faifan nan daga kasuwar Kwanni ya sayo ta, ta hannu ce, da lasifika biyar ƙanana da babba ɗaya mai gurnani wadda ake ajiyewa a ƙasa. Biyu gaba, ɗaya tsakiya a saman talabijin, biyu baya. Rubutun da ke fitowa a talabijin na Faransanci ne, ba wanda ke karanta shi a gidan. Kawu da ƙirga dannawa a rimot yake shiga cikinta. Ƙasa huɗu, dama ɗaya, ƙasa biyu. Mutanen unguwa sun yi ta mamaki, tsoho da ba ya kallon fim, mi zai yi da wannan tarkace? Ya ce musu yana son ya ji malam kamar a gabansa yake zaune. Suka ce tsufa ne, kowa da irin nasa.

Kowace Juma'a in an sauko masallaci yana da al'ada. Zai ce, "Bari mu saki ruwa." Akwai wani wuri a cikin na'urar da in ka danna, sai wani sauti ya fito, shuuu, kamar ruwan sama a kan kwano, yana zagayawa daga wannan lasifika zuwa waccan. Da shi ake jin wadda ta fi ƙarfi da wadda ta yi rauni. Kawu zai zauna a kujerarsa da rimot, ya ƙara wa wannan ɗaya, ya rage wa waccan biyu, ya sa faifan, ya cire, ya sake sakin ruwa. Wani lokaci har la'asar.

Sannan akwai igiyar. Igiyar rama ce, da zoben waya a kai ɗaya, da ƙulli biyar a jikinta. Kowane ƙulli nisan lasifika ɗaya ne. Wata rana na tarar da shi ya shimfiɗa ta a kan cinyarsa yana awo da hannu, na tambaye shi.

"Murya ma tahiya take yi, ɗana," ya ce. "Wadda ke kusa da kai ita ka riga isowa. Ta nesa ta iso daga baya. In sunka iso a rarrabe, magana ta dame. To sai ka ce ma ta kusa ta jira 'yar uwarta."

"Kawu, a ɗaki guda? Wane nisa ne a nan?"

"Kai ba ka ji. Akwai mai ji."

Ya nuna mini lissafinsa. Ƙulli na ƙarshe, mafi nisa, lasifikarsa ba ta jiran kowa. Sauran sai ya auna tazararsu da shi. Duk taƙi ɗaya da rabi, danna ɗaya na jira. Na riƙe wannan a kai. Abin da ban taɓa gani ba shi ne inda yake maƙala zoben in zai ja igiyar, don in zai yi awo korar kowa yake yi. Na ɗauka a ƙafar kujerarsa ne. Ina kuma zai kasance?

Faɗanmu ɗaya da shi, kuma laifina ne. Shekarata ta farko ke nan a aji, na fara haɗa baƙaƙe, duk takardar da na gani sai na ɗauka. Ya tafi Garu gyaran lasifikar masallaci, ni kuma na shigo gaida Inna. Na zauna a kujerarsa na sa faifan. Sai na ji abin ba daɗi. Murya ta karkace, dama ta danne hagu, ta baya tana zuwa a makare, mai gurnanin kuma kamar an shaƙe ta. Na ce a raina, tsohon nan kunnensa ya fara gajiya, kunya ta hana a gaya masa. Na zaro takardar na'urar daga kwali. Ban iya rubutun ba, amma ga hoto: mutum zaune a tsakiyar ɗaki, lasifiku kewaye da shi, kowace da sifili a gefenta. Sifili kam na san shi. Ƙasa huɗu, dama ɗaya, ƙasa biyu. Na maida komai sifili. Murya ta miƙe, ta zauna daidai a tsakiyar kaina.

Ya dawo, ya yi la'asar, ya sa faifan. Ina zaune ina jiran yabo. Bai fi minti ɗaya ba ya kashe.

"Wa ya taɓa?"

"Ni na, Kawu. Takarda ta nuna..."

"Takarda ta san wa ke zaune gidan ga?"

Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma na ce, "Kawu, ai kunne ma tsufa yakai."

Ya dube ni tsawon lokaci. Ya ɗauki hularsa ya fita. Wata biyu in na gaishe shi sai ya amsa da "lahiya" kawai, ya ci gaba da abin da yake yi.

Shi ya fara zuwa. Wata safiya ya shigo shagona da rigarsa ta ɓarke a aljihu. Ina ɗinki yana zaune, wasu abokan sana'a suna tsokanata, wai gemu da furfura ana zuwa makaranta da jakar leda. Kawu ya zaro wata 'yar takarda da aka naɗe masa magani da ita, ya miƙo mini a gabansu. "Karanta mini wanga, ɗan boko." Na karanta ina tuntuɓe, safe ɗaya, dare ɗaya, bayan abinci. Ya juya wurinsu ya ce, "Cikinku wa ka iya haka?" Da zai fita ya ce mini, "Ni da kunne nika karatu, kai da ido. Gidanmu ya samu biyu." Daga ranar muka shirya. Amma rimot bai sake barinsa a kan tebur ba. A aljihun da na ɗinke masa yake yawo da shi, har kasuwa.

Da Inna ta ce ba ta ji, igiyar na fara nema. Ba ta bayan ƙofa inda take rataye. Na same ta a waje, an ɗaure gefen rumfar makoki da ita. Wanda ya ɗaura ya ga ta gaza, sai ya kwance ƙullin duka biyar don ta kai. Ruwa ya dake ta sau biyu, rana ta busar da ita. Na bi ta da yatsa daga farko har ƙarshe, ko gurbi ɗaya ban samu ba.

Taubashina yana ɗaura jaka a mota zai koma Sakkwato. Na nuna masa igiyar.

"Kai tela, kuka za ka yi kan igiyar akuya?" ya ce. "Ɗauko lasifika guda ka aje mata gefen kunne, magana ta ƙare."

"Kai da ka lalata, kai ka je ka aje, ɗan birni."

Ya je kuwa. Ya ja waya, ya tura lasifikar ƙarƙashin labule. Ba a jima ba ta dawo waje, da ƙafa aka turo ta.

"Ni kurma ce da za a jingina mini akwati ga kai? Ubanka bai taɓa yi mini haka ba."

Ya fito idonsa ja, bai ƙara tsokanata ba. Ya kama hannuna ya ce, "Yi abin da za ka iya." Ya shiga mota.

Kwana biyu ina awo daga ƙafar kujerar Kawu. Na yi sababbin ƙulli, na auna taƙi, na danna jira. Ba abin da ya sauya, don kujerar kusan a tsakiya take, tazarar ba ta kai a ce komai ba. Inna kuma ta daina cewa ba ta ji. In na tambaya sai ta ce, "Ana ji, Allah shi yi albarka." Amma muryarta ta mai son a ƙyale ta ce.

Rana ta uku ina durƙushe da igiyar, sai ta ce daga bayan labule, "Ba nan shika maƙala ta ba."

Na ɗago. Hannunta ya fito ta ƙasan labulen, ya kama kusurwar tabarmar, ya naɗe ta kaɗan. Ga ƙusa a cikin siminti, an buga ta har wuya, kanta ya yi sumul. Daidai inda take jingina kafaɗarta ta hagu.

Na sa zoben. Ya shiga kamar don shi aka yi ta.

Shekara goma sha ɗaya kayan nan suna falon. Gari duka ya ɗauka tsoho ne ke wa kansa gata. Shi bai taɓa cewa don ita ya yi ba, ita ba ta taɓa nuna ta sani ba.

Na ja igiyar zuwa kowace lasifika na yi ƙulli. Yanzu tazara ta fito fili. Ta baya ta hagu tana saman kanta, ita za ta fi kowa jira. Ta gaba ta dama tana can ƙarshen ɗaki, ba ta jiran kowa. Na auna da taƙina, sai na tsaya. Hannun Kawu ya fi nawa faɗi nesa ba kusa ba. Taƙi ɗaya da rabi nasa ba nawa ba ne. Na ƙara kaɗan a kan kowane awo, bisa yadda nake tuna hannun nan a kan rediyo.

Ƙarfin murya shi ya fi ba ni wuya, don igiya ba ta auna shi. Sai kunnen mai shi, mai shi kuma ba za ta faɗi ba. Na saki ruwa ya zagaya, na tambaya, ta ce ana ji. Na rage, ta ce ana ji. Na kashe ɗaya gaba ɗaya, ta ce ana ji, Allah shi yi albarka.

A shago, ina kan keke, na tuna wani abu. Duk Juma'ar da na ga Kawu yana wannan aiki, ba talabijin yake kallo ba. Ƙasan labule yake kallo. Inna takan zauna da ƙwaryar gyaɗa tana ɓara, hannunta kawai ake hangowa. In ya sa faifan hannun ya ci gaba da ɓara, sai ya cire ya sake. In hannun ya tsaya, sai ya maida rimot aljihu. Bai taɓa tambayarta ko sau ɗaya ba.

Tun rasuwar ba wanda ya zauna a kujerarsa. Ni ma a ƙasa nake aikin. Amma daga kujerar kaɗai ake ganin wurin nan, don haka na zauna. Yanzu ba gyaɗa a hannunta, carbi ne. Na daina tambaya. Na rage mai gurnanin har ta kusa mutuwa, don na tuna haka na same ta a ranar da na yi ɓarna. Na ƙara wa ta tsakiya. Na rage ta saman kanta, na ƙara wa na dama. In sa faifan, in kalli carbi yana tafiya, in cire. Haka na yi ta yi bayan kowace la'asar, in rufe shago in zo.

Rana ta shida, malamin yana cikin bayani, carbin ya tsaya. Yatsanta yana kan ƙwaya ɗaya bai wuce ta ba. Na ƙirga numfashina har ashirin, bai motsa ba.

Sai a lokacin na saurari abin da ni nake ji daga kujerar. Murya ta karkace. Dama ta danne hagu, ta baya tana zuwa a makare, mai gurnanin kamar an shaƙe ta. Shi ne sautin nan da na raina, na ce kunnensa ya tsufa. Mutumin da yake gane ciwon rediyo da ido rufe, wannan ya zauna yana ji kowace rana, shekara goma sha ɗaya.

Da faifan ya ƙare na ɗauko littafina na aji, na rubuta lambobin ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunan lasifikarta. Na tashi zan fita.

"Ɗana," ta ce.

"Na'am, Inna."

"Ya kusa."

Har ta fita takaba ina zuwa kowace Juma'a in saki ruwa, har yau ma ina zuwa. Wata rana carbin ya tsaya, wata rana bai tsaya ba. Ban taɓa kamo gyaran Kawu ba, ban samu abin da ya wuce "ya kusa" ba, kuma kunnen nata raguwa yake yi. Lasifikar tsakiya saura danna biyu ƙarfinta ya kai ƙarshe.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta, ya ba Inna haƙuri.

Abin da muka rasa ga shi. Ƙulli biyar, an kwance su don ɗaurin rumfa. Lambobi goma sha ɗaya da ba a rubuta ko'ina ba: biyar na jira, shida na ƙarfin murya. Taƙin hannu ɗaya. Da mutum ɗaya da ya san su.